Agogo Tsakanin Mai Jifa da Mai Bugu: Gyara ne ko Ɓarna?

Daren Asabar 22 ga Yuni 2024, a filin Coors da ke birnin Denver na Amurka, ƙungiyoyin Colorado Rockies da Washington Nationals sun kai ƙarshen zagaye na 9 suna kunnen doki, 7 da 7. 'Yan Rockies uku suna tsaye a zanguna uku, kowa na jiran damar rugawa gida. Ryan McMahon ke riƙe da sanda, Kyle Finnegan ke riƙe da ƙwallo, lissafi kuma ya kai inda jifa ɗaya zai iya raba gardama. Sai Finnegan ya makara. Agogon da aka kafa a filin ya kai sifili kafin ya fara jifa, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, aka ba McMahon zango kyauta, wanda ke zango na uku ya taka a hankali zuwa gida. An tashi 8 da 7. Ba a taɓa kammala wasan kakar babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ta wannan hanya ba sai a daren nan.

Abin da ya faru a Denver ya sake hura wutar gardamar da ta faro tun 2023: shin agogon da aka sanya tsakanin mai jifa da mai bugu ya ceto wasan ne, ko kuwa ya yanke masa wani abu da ba za a iya mayarwa ba?

Kafin a auna hujjoji, sai an san inda ake fafatawa. Zuciyar besbol karawa ce tsakanin mutum biyu. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, mita 18.44 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a awa, ƙwallon ya iso cikin ƙasa da rabin sakan. Idan jifan ya bi ta daidai gaban mai bugu bai buga ba, ko ya kai sanda ya kuskure, an ci shi siraik. Siraik uku, ya fita. Idan jifan ya kauce kuma mai bugu ya ƙyale shi, wannan bol ne, bol huɗu kuma sai a ba shi zango na farko kyauta. Fiye da shekara 100, tazarar da ke tsakanin jifa da jifa mallakin mutanen nan biyu ce. Mai jifa na iya sauka daga tudu ya murza ƙwallo, mai bugu na iya fita daga akwatinsa ya gyara safar hannu, kowa na ƙoƙarin karya wa ɗan'uwansa lago.

Dokar 2023 ta karɓe wannan tazara daga hannunsu. Mai jifa yana da sakan 15 ya fara jifa idan babu kowa a zango, sakan 20 idan akwai, kuma a 2024 aka rage na biyun zuwa 18. Idan ya makara, a rubuta masa bol. Shi kuma mai bugu dole ya kasance cikin akwati, idonsa a kan mai jifa, kafin saura sakan 8, in ba haka ba a rubuta masa siraik. Sau ɗaya tak yake da ikon neman a dakata a duk karawa. An kuma taƙaita wa mai jifa sauka daga tudu ko jefa ƙwallo zango don kama mai gudu: sau biyu ne, idan ya yi na uku bai kama kowa ba, masu gudu su ƙara gaba kyauta.

Masu goyon bayan agogon suna fara magana da alƙaluma, domin alƙaluman na tare da su. A 2021, wasa mai zagaye 9 yana cin awa 3 da minti 10 a matsakaici, mafi tsawo a tarihin gasar. A 2022 ya tsaya a awa 3 da minti 4. Da agogo ya shigo a 2023 sai ya faɗo zuwa awa 2 da minti 40, a 2024 kuma awa 2 da minti 36, abin da rabon a gani tun 1984. Wasannin zagaye 9 da suka kai awa 3 da rabi sun kai 390 a 2021, amma 9 kacal aka samu a 2023. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, galibi da dare a ranakun aiki, don haka rabin awa ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da ya kai 'ya'yansa kallo alhali gobe akwai makaranta.

Hujjarsu ta biyu ita ce, abin da aka yanke ba wasa ba ne. Zagaye 9 suna nan, fita 27 ga kowane ɓangare tana nan. Abin da ya tafi shi ne tsaye-tsaye. Tsofaffin 'yan kallo ba su manta Mike Hargrove ba, wanda saboda yawan gyare-gyarensa kafin kowane jifa aka yi masa laƙabin da ke kwatanta shi da ruwan saman da ke tsayar da wasa. Na bayansu sun san Nomar Garciaparra na Boston, wanda sai ya ja maɗaurin safar hannun dama, ya ja na hagu, ya sake, ya buga kan takalmansa a ƙasa, sannan ya yarda a jefo. A zamaninsu ɗabi'ar mutum ɗaya ce da ake yi wa dariya. Daga baya ta zama ruwan dare, kowa yana yi, har wasan ya kumbura.

Sun kuma ce dokar ba baƙuwa ba ce. Tun kafin agogo, littafin dokoki ya ba mai jifa sakan 12 idan babu kowa a zango, sai dai da wuya alƙali ya aiwatar. A 2015 an ce mai bugu ya riƙa barin ƙafa ɗaya cikin akwati, wannan ma ta bi shanun sarki. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan: shekara da shekaru doka ta ce gola kada ya riƙe ƙwallo fiye da sakan 6, babu mai hura usur, sai a 2025 aka mayar da ita sakan 8 tare da hukuncin bugun kusurwa da ƙirga a bainar jama'a. A besbol ma abin da ya sauya shi ne an rataye lokacin inda kowa ke gani, aka ɗauke wa alƙali nauyin jin kunyar taurari. Masu wannan ra'ayi suna tunatarwa cewa besbol na asali wasa ne mai hanzari. A 28 ga Satumba 1919, New York Giants da Philadelphia Phillies sun gama zagaye 9 cikin minti 51. Ko a 2005, Mark Buehrle na Chicago White Sox, wanda ya shahara da saurin jifa, ya kammala wasa da Seattle cikin minti 99. Kuma ba a kawo agogon da ka ba: an gwada shi a ƙananan gasanni tun 2015, sannan a 2022 aka tsaurara shi a can, wasanni suka ragu da kusan minti 25.

Sai kuma armashi. Da aka hana mai jifa yawan tsorata masu gudu, aka kuma ƙara girman zanguna daga inci 15 zuwa 18, satar zango, wato mai gudu ya ruga zango na gaba yayin da ake jifa, ta farfaɗo. Daga 2,486 a 2022 ta tashi zuwa 3,503 a 2023. A shekarar Ronald Acuña Jr. na Atlanta Braves ya saci zango 73, ya kuma fitar da ƙwallo waje sau 41, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa. 'Yan kallo a filaye sun ƙaru daga kusan miliyan 64.6 zuwa miliyan 70.7.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan. Abin da yake cewa shi ne, akwai abin da agogo ba ya iya aunawa. A cikin manyan wasannin Amurka, besbol ne kaɗai ba ya ƙarewa da busa usur. Wanda ke gaba ba shi da damar cinye lokaci, dole ya ci gaba da jefa wa abokin karawarsa ƙwallo har sai ya fitar da na ƙarshe. Shirun da ke tsakanin jifa da jifa kuwa, a wurinsu, nan ne tunani ke aiki: mai jifa yana tuna abin da ya jefa ɗazu, mai bugu yana hasashen abin da zai zo, dubban mutane suna tsaye numfashi a ɗauke.

Misalin da suka fi kawowa shi ne na 15 ga Oktoba 1988, wasan farko na gasar ƙarshe ta World Series. Los Angeles Dodgers na baya da 4 da 3 a hannun Oakland Athletics, zagaye na 9, saura fita ɗaya. Kirk Gibson, wanda ƙafafunsa biyu duk da ciwo, ya ɗingiso ya fuskanci Dennis Eckersley, gwanin rufe wasa na zamanin. Karawar ta ɗauki mintuna. Eckersley ya yi ta jefa ƙwallo zango na farko don tsare mai gudu Mike Davis, Gibson ya yi ta taɓa ƙwallo yana fita gefe. Da lissafi ya cika bol 3 da siraik 2, Gibson ya fita daga akwati, ya tuna abin da mai leƙen asirin ƙungiyarsu, Mel Didier, ya faɗa musu game da irin jifan da Eckersley ke so a wannan hali. Ya dawo, jifan ya zo kamar yadda aka ce, ya aika ƙwallon cikin 'yan kallo, aka tashi 5 da 4. Masu adawa da agogo suna cewa daɗin daren nan a cikin jinkirin yake. Haka suke faɗa game da 21 ga Maris 2023 a Miami, lokacin da Shohei Ohtani na Japan ya fuskanci Mike Trout na Amurka, abokin wasansa a Los Angeles Angels, a karawar ƙarshe ta gasar duniya ta besbol. Babu agogo a gasar, jifa shida suka yi, kowanne da nasa dogon shirun, har Ohtani ya fitar da Trout, Japan ta ci 3 da 2.

Ƙorafinsu na biyu ya fi zafi: hukunci ba tare da fafatawa ba. A 25 ga Fabrairu 2023, a wasan gwaji tsakanin Atlanta da Boston, ana 6 da 6 a zagaye na 9, zanguna cike, lissafi ya cika. Alƙali ya ɗaga hannu, Cal Conley na Atlanta ya nufi zango na farko yana zaton shi aka ba nasara, ashe shi aka kama da rashin shiryawa kafin sakan 8. An fitar da shi, wasa ya tashi. A watan Afrilu na shekarar, Cody Bellinger ya koma filin tsohuwar ƙungiyarsa Dodgers a karon farko sanye da rigar Chicago Cubs. Tsofaffin masoyansa suka miƙe suna tafa masa, ya tsaya ya karɓi gaisuwa, alƙali ya rubuta masa siraik. Ga masu adawa, dokar da ke hukunta mutum saboda ya amsa gaisuwar jama'a ta nuna ba ta san wasan da take mulka ba.

Akwai kuma batun tsaro. Mai jifa da agogo ke kora, ko wanda ke son cin moriyar agogon, na iya sakin ƙwallo kafin mai bugu ya ɗago kai. A wasannin gwaji na Maris 2023, mai jifa Max Scherzer ya gwada iyakar dokar: ya riƙe ƙwallo har mai bugu ya gaji ya kashe damarsa ɗaya ta dakatarwa, sannan ya yi saurin jefowa da zarar ya dawo. Alƙali ya hukunta shi, hukumar gasar kuma ta fitar da ƙarin bayani kan jifan gaggawa. Ba a wasa da wannan a besbol, domin a Agusta 1920 ƙwallon Carl Mays ya sami Ray Chapman na Cleveland a ka, ya rasu washegari.

Amma inda aka fi kai ruwa rana shi ne lafiyar hannun masu jifa. Tun a 2016 wasu masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka yi lissafi da kwamfuta, suka nuna cewa rage hutu tsakanin jifa zai ƙara gajiyar tsokokin hannu, tsokokin da ke tallafa wa jijiyar gwiwar hannu. Idan jijiyar ta tsinke sai tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, wanda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, kuma mai jifa kan yi shekara guda ko fiye bai dawo ba. A farkon Afrilu 2024, cikin 'yan kwanaki, aka sanar da raunin gwiwar hannun Eury Pérez na Miami, da Shane Bieber na Cleveland, da Spencer Strider na Atlanta. Shugaban ƙungiyar 'yan wasa a lokacin, Tony Clark, ya fito ya ɗora alhakin a kan rage lokacin da aka yi duk da adawar 'yan wasa. Hukumar gasar ta mayar da martani cewa wani nazari na Jami'ar Johns Hopkins bai sami shaidar da ke haɗa agogo da ƙaruwar rauni ba.

Wannan ya kai ga ƙorafi na ƙarshe, wato wa ke da ta cewa. Kwamitin da ke sauya dokoki yana da mutum 11: wakilan masu ƙungiyoyi 6, 'yan wasa 4, alƙali 1. A Satumba 2022 duka 'yan wasan huɗu suka ƙi amincewa da agogon, aka zartar. Sun nemi a sassauta a wasannin ƙarshen kaka na 2023, aka ƙi. A Disamba 2023 suka sake ƙin rage sakan 20 zuwa 18, aka sake zartarwa.

Idan aka ɗora hujjojin nan a ma'auni, ba dukkansu ke da nauyi ɗaya ba.

A kan ainihin agogon, masu goyon baya sun yi rinjaye. Shirun da ake kewa yana da daraja a daren Gibson, amma wasannin MLB 2,430 ne a kaka, kuma mafi yawan jinkirin da aka yanke na ranar Talata ne a watan Mayu, ana 8 da 1, mai bugu yana gyara hula. Tsoron cewa manyan lokuta za su mutu shi ma bai tabbata ba. A 25 ga Oktoba 2024, a filin da Gibson ya yi nasa, Freddie Freeman mai ciwon idon sawu ya fito a zagaye na 10 na wasan farko na World Series, zanguna cike, ya fitar da jifan farko na Nestor Cortes waje, Dodgers suka doke New York Yankees 6 da 3. Agogo na aiki a daren, babu wanda ya tuna da shi. 'Yan wasa sun saba da wuri, laifukan makara suka yi ta raguwa tun cikin kakar farko. Sai dai masu goyon baya su ma kada su zarce: ƙaruwar 'yan kallo a 2023 ta zo ne lokacin da filaye ke farfaɗowa daga annobar korona, kuma a shekarar ce aka sauya jadawali ta yadda kowace ƙungiya ke haɗuwa da kowace. Ba agogo kaɗai ya cika kujeru ba.

A kan rauni, adalci shi ne a ce matsalar ta girmi agogon. Tiyatar gwiwar hannu ta daɗe tana ƙaruwa kafin 2023, tare da ƙaruwar ƙarfin jifa. Rahoton da MLB ta fitar a Disamba 2024, bayan tattaunawa da mutum fiye da 200 da suka haɗa da likitoci da masu horarwa da tsofaffin 'yan wasa, ya nuna babban dalilin shi ne neman gudu da murɗa ƙwallo da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci. Matsakaicin gudun jifa madaidaici ya tashi daga mil 91.3 a awa a 2008 zuwa 94.2 a 2024. To amma a nan ne hujjar 'yan wasa ke samun gindin zama. Jinkirin shekarun baya ba duk lalaci ba ne. Mutumin da ke jifa da dukkan ƙarfinsa yana buƙatar hutu kafin ya maimaita, don haka ƙarfin jifa da tsawon wasa tare suka girma. Ƙungiyoyi har yanzu mai gudun jifa suke biya kuɗi, sannan doka ta rage masa hutu. Ko da agogo ba shi ne ya haifi ciwon ba, hankali bai ƙi cewa yana ƙara wa mai ciwon kaya ba, kuma hukumar da ta kafa dokar ita ce ta ɗauki nauyin rahoton.

Shi ya sa rage sakan biyu na 2024 ya fi kowane sashe na dokar rauni. Dalilin da aka bayar shi ne wasanni sun ƙara tsawo da kusan minti 7 tsakanin Afrilu da Satumba 2023. Ribar da aka samu a shekara mai zuwa minti 4 ce. An riga an ci babbar nasarar minti 24, babu abin da ya tilasta a matsa wa masu jifa tun ba a ga abin da kaka ɗaya ta yi wa hannayensu ba. Koriya ta Kudu, da ta kawo nata agogon a 2025, ta fara ne da sakan 20 idan babu mai gudu da 25 idan akwai, abin da ke nuna adadin Amurka ba shi ne kaɗai ma'aunin da zai yiwu ba.

Matsayar da ta fi dacewa ita ce agogo ya zauna, amma a gyara masa abu uku. A mayar da sakan 20 idan akwai mai gudu a zango, har sai an sami binciken lafiya da hukuma da 'yan wasa suka amince da masu yinsa tare. A ba mai jifa da mai bugu ƙarin dama ta dakatarwa daga zagaye na 9 da kuma wasannin ƙarshen kaka, inda babu ɗan kallon da ke duba lokaci, domin gasar shekara guda kada ta ƙare da ɗaga hannun alƙali. Sannan a sake fasalin kwamitin ta yadda dokar da ta shafi jikin ɗan wasa ba za ta wuce ba idan duk wakilan 'yan wasa sun ƙi. Na ukun shi ne mafi wuya, domin tsarin 6 da 4 da 1 yana cikin yarjejeniyar da ƙungiyar 'yan wasa da kanta ta amince da ita a Maris 2022, wadda wa'adinta ke cika a 1 ga Disamba 2026. Duk wani sauyi ga kujerun kwamitin sai ta teburin sabunta wannan yarjejeniya, inda batun albashi ke jiran ɓangarorin biyu, kuma 'yan wasa ne za su zaɓi abin da za su sadaukar don samun ƙarin murya a kan sakan 18.